Wai kar a gaya wa Baba

Akwai wata ɗabi'a da muka mayar da ita tausayi, ni kuma na daɗe ina ganin tauye haƙƙi ce ko da kuwa da kyakkyawar niyya ake yi. Tsoho ko tsohuwa su kwanta ciwo mai tsanani, a yi ta gwaje-gwaje ana yawo da su daga wannan ɗaki zuwa wancan, sakamako ya fito, likita ya ja babban ɗa gefe a baranda ya faɗa masa abin da aka gani. Kafin magariba ƙanne sun ji, surukai sun ji, na Kaduna da na Legas sun gani a guruf ɗin WhatsApp na gida har an fara maganar karo-karo, maƙwabta ma sun tsinta a bakin yara. Mutum ɗaya ne tak bai ji ba, shi ne mai ciwon. Shi dai a shigo a ce sannu Baba ya jiki, ya ce da sauƙi, a ce ai likita ya ce olsa ce ta ɗan yi yawa, ko taifod ne, kwanan nan za a sallame ka in sha Allah, sai an fito waje a fashe da kuka.

Na san masu yin haka ba mugaye ba ne, 'ya'ya ne masu son iyayensu, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Cewa suke in ya ji daji ne ko ƙoda ce ta mutu zuciyarsa za ta karaya, ya daina cin abinci, fargaba ta kashe shi tun kafin ciwon ya kashe shi. Suna cewa likita ba Allah ba ne, mutum nawa aka ce sun gama amma ga su nan suna yawo a gari, wanda ya je duba su ma ya riga su tafiya. Duk na yarda, cuta ba mutuwa ba ce, sai kwana ya ƙare. Amma dan Allah mu tsaya mu duba, wane ne ainihin wanda ba zai iya ɗaukar maganar ba? Mutumin da ya haura saba'in, ya binne nasa iyayen, ya binne abokan tasowarsa ɗaya bayan ɗaya, wata ma ta binne 'ya'yan cikinta biyu ko uku tun suna goye, shi ne ba zai iya jin labarin mutuwa ba? Sau da yawa mu ne ba za mu iya ba. Mu ne bakinmu ke yin nauyi, mu ne ba mu son ganin idonsa a lokacin da zai ji, sai mu fake da cewa shi muke tausaya wa.

Mu mutanen yankin Haɗeja, da 'yan uwanmu na Gashuwa da Nguru, mun san ciwon ƙoda ciki da bai, ba unguwar da za ka shiga ba ka ji gidan da ya taɓa ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ne ajalinsa. Dama yana da hawan jini tun da daɗewa, sai ƙafa ta fara kumbura, fuska ta biyo, ga kasala ga amai, aka kai shi wani babban asibiti a Kano. Likita ya gaya wa yayanmu cewa ƙodar duka biyu sun daina aiki kuma ba za su dawo ba, wankin ƙoda ne har ƙarshen rayuwa, dashe kuma da shekarunsa da halin da zuciyarsa ke ciki ba abin da za a yi tunani ba ne. Baffanmu da ya zo ya ji sai ya yanke hukunci a tsaye, ya ce kar wanda ya kuskura ya gaya masa, a ce masa jini ne ya yi datti za a wanke sau kaɗan ya koma gida. Magana ta babba ce, mu ƙanana ba mu da ta cewa.

To amma Baba ɗan kasuwa ne, hatsi ya yi ta saye da sayarwa tun yana saurayi, mutum ne da ke kallon fuskarka ya san ko za ka saya ko taya kawai kake. Yana kwance yana lura. Ya ga Hajiya ta daina haɗa ido da shi, ya ga 'yan uwan da rabonsu da gida tun bikin wance duk sun zo dubiya a mako ɗaya, ya ga ana yin shiru in ya buɗe ido. Wani dare bayan an dawo da shi daga wanki, jikinsa duk ya yi laushi, hannun nan da ake sa allura a naɗe da filasta, ni ina kan tabarma a ƙasan gado, sai na ji ya kira yayanmu da sunan da yake kiransa tun yana yaro. Ya ce zo nan zauna. Ya ce ni na haife ku ko ku kuka haife ni? Yaya ya sunkuyar da kai ya ce kai ka haife mu Baba. Ya ce to faɗa min abin da likita ya ce, kar ka rage komai. Yaya ya faɗa yana kuka. Baba ya yi shiru, ya yi ta maimaita innalillahi, hawaye ya zubo masa ta gefen ido har cikin kunne, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Can sai ya ce gobe a je gida a buɗe akwatinsa na ƙarfe a ɗauko masa littafinsa mai baƙin bango.

Littafin nan da ajami yake rubuta shi, ba wanda ya san me ke ciki. Ashe akwai kuɗin wata bazawara da ta ba shi ajiya yana juya mata a hatsi, ita da shi da Allah kaɗai suka sani. Akwai fili da aka saya da sunansa amma na ƙanwarsa ne, takarda kuma sunansa ta ɗauka, da ya tafi a haka da cikin gadonmu za a sa shi mu ci haram ba mu sani ba, ko kuma Gwaggo ta yi magana a ce ƙarya take zumunci ya lalace. Akwai waɗanda yake bi bashi, ya sa aka karanto masa su, wasu ya ce a karɓo, wasu ya ce wannan ba shi da shi na yafe masa, a je a gaya masa tun ina raye. Ya sa aka kira masa wani tsohon abokin cinikinsa da suka yi shekaru ba sa ga maciji, suka rufe ƙofa, ban san me suka ce wa juna ba amma mutumin ya fito yana share ido da bakin rawani. Sannan ya hana a sayar da gona, don har an fara ciniki a ɓoye. Ya ce a sayar da abin da ke rumbu da shago a yi masa wanki iya inda kuɗin ya kai, gona kuwa ta marayun da zai bari ce. Ya yi watanni bayan nan, yana cin tuwonsa, yana faɗa in an yi ba daidai ba, yana sa jikoki karatu daga kan gado. Jin gaskiya bai kashe shi ba, lokacinsa ne da ya yi ya tafi.

Ban ce kowa zai ɗauka kamar yadda ya ɗauka ba. Amma duk abin nan da ya yi, da an bi shawarar ɓoyewa har ƙarshe, ba ɗaya da zai yi, don mutumin da aka ce masa sati mai zuwa zai koma kasuwa me zai sa ya aika a ɗauko littafi?

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mu masu cewa addini ne gaba da komai, a nan wurin mun bar abin da addinin ya koyar. Yaro ɗan Islamiyya ya san hadisin Abdullahi ɗan Umar, cewa bai kamata Musulmi mai abin da zai yi wasiyya a kansa ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. Mun san ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo a Makka a shekarar hajjin bankwana har ya ɗauka tafiya ce, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya je duba shi, Sa'adu ya fara maganar dukiyarsa yana tambaya ko ya bayar da kashi biyu cikin uku tunda 'ya ɗaya gare shi. Ba a ce masa haba daina wannan magana ba. An zauna an yi lissafi da shi, aka hana kashi biyu cikin uku, aka hana rabi, aka tsaya a sulusi, aka kuma ce sulusin ma da yawa. Kuma Sa'adu ya warke ya yi shekaru masu yawa bayan nan, kaga kenan maganar wasiyya ba ta jawo ajali. Sayyidina Umar da aka soke shi a sallar asuba a shekara ta 23 bayan hijira, an ba shi madara ya sha ta fito ta wurin raunin, kowa ya gane ba tashi, kuma ba a ɓoye masa ba. A wannan halin ya sa ɗansa ya lissafa bashin da ke kansa, aka samu wajen dubu 86, ya faɗi yadda za a biya, ya aika wurin Nana A'isha neman izinin a binne shi kusa da abokansa biyu, ya ware mutum shida da za su zaɓi wanda zai gaje shi. Shi kansa Annabi a ciwonsa na ƙarshe ya raɗa wa Nana Faɗima cewa ba zai tashi ba, ta yi kuka, ya sake raɗa mata cewa ita ce farkon wadda za ta riske shi cikin iyalansa, ta yi dariya. Uba ne da 'yarsa suna maganar mutuwa baki da baki.

Ƙarfafa wa mara lafiya gwiwa sunna ne, wannan ba gardama, a ce masa ba komai, kaffara ce in sha Allah, a yi masa addu'a, a tuna masa rahamar Ubangiji. Amma ƙarfafa gwiwa daban, ƙarya daban. Kuma mu har wani abu muke ƙarawa da ya fi ɓoyewar ciwo, wato toshe musu baki. Tsohuwa ta ji a jikinta, don wallahi suna ji, ta kira 'yarta ta fara cewa 'yan kunnena na gwal da ke cikin kwalla ki ba wance, akwai kuma kuɗin adashi da ban zuba ba, sai 'yar ta zabura, haba Inna dan Allah ki daina irin wannan maganar, ke da za ki ga auren jikokinki. Inna ta yi shiru ta juya fuska bango. An bar ta ita kaɗai da abin da ya fi komai girma a rayuwarta, ɗaki cike da mutane amma ba wanda za ta yi maganar da shi. Ni wannan kaɗaicin ya fi tsaya min a rai fiye da batun gwal da adashi.

Sai kuma ɓarnar da ke biyo baya wadda ba a cika danganta ta da ɓoyewar ba. In ba a faɗi sunan ciwo ba, mutane za su sa masa nasu sunan. Mutum yana ta ramewa, an ce olsa ce amma magani ba ya ci, to me ya rage, sai a fara ƙus-ƙus cewa sammu ne, jifa ne, ai tun da ya auro amaryar nan bai ƙara lafiya ba, ai ɗan uwansa da suke rigimar gona ne. Gidaje nawa suka watse a kan haka, 'yan ɗaki ɗaya sun daina gaisawa da 'yan ɗayan ɗakin har bayan an yi arba'in, alhali takardar asibiti tana aljihun babban ɗa an rubuta ciwon hanta ne ko dajin mafitsara. Shi kansa mara lafiyan sai ya tafi da zargin wani a zuciyarsa. Ga masu magani da ke jira a bakin ƙofa, wannan ya kawo jarka ya ce sati biyu ƙoda za ta dawo, wancan ya ce a daina zuwa wanki, a yi ta ɗura wa mutumin da ƙodarsa ba ta tace komai jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba.

Batun kuɗi ma dole a faɗe shi ko da ba daɗi. A Najeriya sama da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. An sa hannu a dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 2022 wadda ta ce inshora dole ce ga kowa, amma je ka ƙauye ka tambayi tsofaffi nawa ke da kati. Wankin ƙoda yadda ya kamata sau uku ne a mako, kowane zama wajen awa huɗu, kowane zama kuma da kuɗinsa, ban da allurar ƙarin jini da kuɗin mota da abincin masu jinya. Maganin daji ma haka. To a irin wannan hali sai ka ga 'ya'ya sun sayar da gona, sun sayar da shanu, sun jinginar da gida, a kai Baba Indiya ko Masar, wani lokacin bayan likitocin gida sun faɗa ƙarara cewa ciwon ya bazu ba abin da tafiyar za ta ƙara. Ban ga laifin wanda ya nema wa mahaifinsa magani ba, ko nawa ne, Allah ya saka masa. Tambayata ita ce, dukiyar wa aka sayar? In tasa ce, mutum yana raye da hankalinsa, wa ya ba ka izinin taɓa ta ba da saninsa ba? Kuma jikin wa za a ɗora a jirgi a kai ƙasar da ba ya jin yarensu? Wani da an tambaye shi cewa zai yi a je a gwada, to a je. Wani kuma cewa zai yi ku mayar da ni ɗakina in ji kiran sallar masallacinmu, kuma wannan ma zaɓi ne da ya cancanci a girmama. Muna hana su zaɓin ne gaba ɗaya saboda tsoron kar dangi su ce ba mu yi ƙoƙari ba.

Likitoci da nas-nas ma suna da nasu kason. Na san halin da suke ciki, mutum ɗaya da layin marasa lafiya har waje, ba ɗakin da za a keɓe a yi magana, wasu abokan aikinsu duk sun tafi Saudiyya da Ingila. Amma yawanci abin da ake yi shi ne a tsaya a kan tsoho ana Turanci da juna, a rubuta a fayil, a wuce gado na gaba, in ya tambaya a ce Baba kar ka damu. Alhali Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a sanar da mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da haɗarinsu da kuɗinsu, da cewa yana da damar ya ƙi, kuma a yi masa bayani da harshen da yake ji daidai da iliminsa. Ta bar ƙofa ga inda akwai hujja mai ƙarfi cewa faɗar za ta cutar da shi, amma mu mun mayar da wannan ƙofar ita ce babbar hanya. Dokar nan dai ita ta ce ciwon mutum sirrinsa ne. Mu kuwa sirrin ya zagaya unguwa, mai shi ne aka hana.

Wani abin da ɓoyewa ke hana mu shi ne neman sauƙin raɗaɗi. In kowa yana yin kamar warkewa za a yi gobe, ba wanda zai tambayi likita to tunda ba warkewa, me za a yi masa ya daina wannan murƙususun da daddare. Akwai fanni guda a aikin likita na kula da wanda ciwonsa ba ya jin magani, a rage masa zafi, a gyara masa numfashi da barci, a koya wa masu jinya yadda za su juya shi kar gadon baya ya yi gyambo. A Yuganda wata likita mai suna Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa irin wannan cibiya a 1993, suna haɗa mofin na ruwa mai araha, wato maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, ana ba marasa lafiya a gidajensu, daga 2004 ƙasar ta ba nas-nas da aka horar damar rubuta shi. Asibitin koyarwa na Ibadan ma yana da sashen. Mu a nan yawancin iyalai ba su ma san ana iya tambaya ba, sai a yi ta ba tsoho farasitamol yana cizon filo, ana cewa ya yi haƙuri.

Ba cewa nake a shiga a faɗa wa mutum magana gatsau ba, ko a yanke masa kwanaki, wannan ilimin na Allah ne kuma likitan kirki ma ba ya yi. Akwai wanda ruɗewar tsufa ta kama, ba ya gane 'ya'yansa, wannan hukuncinsa daban. Akwai kuma wanda shi da kansa ba ya son ji, wannan ma haƙƙinsa ne, amma shi zai faɗa, ba mu za mu yanke masa ba. Hanyar mai sauƙi ce. Tun kafin sakamako ya fito a samu wanda yake jin nauyinsa kuma ya yarda da shi, ko aminin sa, ko ƙanwarsa, ko limamin unguwa, ko cikin 'ya'ya wanda suka fi shaƙuwa, ba lallai babba ba, a tambaye shi, Baba in likita ya zo da bayani kana so ka ji da kunnenka ko mu ji mu riƙe? In ya ce ku dai ku ji, shi kenan an bar shi. In ya ce a gaya masa, a rage mutane a ɗakin, a zauna kusa da shi ba a tsaye ba, a faɗa kaɗan-kaɗan daidai yadda yake tambaya, in ya yi kuka a bar shi ya yi, in kai ma kuka ya zo maka ka yi, ba abin kunya ba ne ɗa ya yi kuka a gaban uban da zai rabu da shi. In kuma Inna ta fara maganar kwallarta da adashinta, ki zauna ki ɗauko biro da takarda ki ce ina ji Inna, sai me kuma, ki kira mutum biyu su shaida.

Ina roƙon malamanmu su ɗauki wannan magana su kai ta mumbari, don abin da na lura a wurinmu babba a gida in ya ce kar a faɗa, ba ɗan da zai iya tsallake maganarsa, amma in liman ya faɗa ranar Juma'a cewa ɓoye wa mai hankali ciwon da zai iya zama ajalinsa tauye masa damar wasiyya da biyan bashi da neman yafiya ne, baffannin za su ji. Makarantun koyon aikin likita da na nas kuma su koya wa ɗalibai yadda ake faɗar irin wannan labari da Hausa, da Fulatanci, da Kanuri, su gwada a aji kamar yadda suke gwada sa allura, kuma kowane babban asibiti ya ware ko ɗan ƙaramin ɗaki ne mai ƙofa da kujeru inda za a zauna da mara lafiya da iyalinsa, a daina yin wannan magana a baranda.